Na Ɗauke Wa Mijina Bashin Katinsa Don Ya Tafi Hajji

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma mai zagi ya bari in kai ƙarshe tukuna.

Ina aikin jinyar tsofaffi a nan Greensboro ta Amurka, mijina yana tuƙa tasi. Bara ya ƙulla niyyar Hajji, sai Malam ya ce a wa'azi mai bashi ya fara biya kafin ya tafi. Shi kuwa gogan naku katinsa na banki ya cika maƙil da bashi, kayan ɗaki ne, talabijin kamar ƙofar gareji ne, ga shaddodi. Ran nan ya shigo yana washe baki, riƙe da tallan wani banki da aka aiko da sunana, wai in aka maido musu bashi daga wani kati, shekara guda babu kuɗin ruwa. "Maman Amira, ki yi mana balans tiransfa. Kin ga ba riba a ciki, halal ne tsantsa." Na ce to, bashin ina ya tafi? Ya ce, "Ya bar kaina mana." Ku ji fa! Mutum da furfurarsa yana zaton za a yi wa Ubangiji wayo da sauya suna a kwamfutar banki.

Amma ni ma me na yi? Na ɗauki waya na kira bankin da bakina. Da Malam ya tambaye shi a gabana ko akwai bashi a kansa, ya dafa ƙirji ya ce ko sisi, ni kuma na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ne yake cina har yau.

Ya je ya dawo da haƙorin Makka. Shekarar ta ƙare, kuɗin ruwa ya hau kaina, ina ƙara aikin Asabar da Lahadi, shi kuma katinsa da na wanke ya sake cika shi. Wallahi in na ce masa Alhaji sai in ji bakina ya yi ɗaci. Har wa'azi yake yi wa samari a kan riba, yana kaɗa carbi, na raina shi rainin da ban taɓa yi wa kowa ba.

To, yanzu ya koya wa abokinsa dabarar. Matar abokin, Rabi, yarinya ce da ba ta daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, da ƙyar ta samu katin bankinta na farko. Ta tare ni a wurin suna ta ce, "Anti, an ce ke kika yi wa Alhaji, babu matsala ko?" Na ce babu komai. Ni ɗin nan na faɗa mata haka!

Gobe za ta zo in taya ta kiran banki, don Turancinta bai nuna ba. In na gaya mata gaskiya, na tona Hajjin uban 'ya'yana a garin da kowa ya san kowa. In na yi shiru, da hannuna zan miƙa mata wayar. Jama'a, me zan yi?