Damben Auta da gardamar da ta biyo baya

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba a riƙe ta ba, ni kuma ina nan ina fama da keken ɗinki.

Na ga saƙonka game da damben Auta, inda ka ce ɗan bidiyon da aka tura maka ya nuna da wasan ya yi tsawo shi ne da nasara. Ba kai kaɗai ba ne. Yau kwana tara ke nan gardamar nan ba ta bar falonmu ba. Kawu ya dage cewa abokin karawar tasa ya riga ya gaji, baki a buɗe, hannuwa sun sauka, da an kai zagaye na shida da kansa zai zube. Kocin Auta kuwa ya ce ba gajiya ba ce, tarko ne, mutumin ya sauke hannu da gangan don Auta ya matso, ya kuwa matso. Baba yana bayan Kawu, ya ƙara da cewa alƙalin wasan ya ƙirga goma kamar wanda mota za ta bari.

Ni ban san dambe ba, amma ina wurin, a layi na biyu, kuma gani ya kori ji. A zagaye na huɗu naushin ya sami Auta a haɓa, ya faɗi ko dafa ƙasa bai yi ba. A ɗakin canja kaya, ana cire masa safar hannu, sai ya tambaye ni ko an kusa kiransa ya shiga. Na ce ai an gama. Can ya sake tambaya, har sau uku. Likita ya ce wata uku ba dambe, ba motsa jiki mai ƙarfi, domin wani bugun kafin nan zai iya jawo abin da ba a fata.

Dalilin rubuto maka ke nan. Auta bai tuna komai daga wasan ba, abin da aka faɗa masa shi yake ɗauka. Jiya da la'asar na same shi yana naɗa bandeji a hannu, wai Kawu ya ce saura ƙiris ne. Matar Autan na tsaye a bakin ƙofa da cikinta wata bakwai. Ko da zai ci ko ba zai ci ba, Allah ne masani. Amma ka san maganarka kaɗai yake ji. In ka kira shi, ka ce ya bi abin da likita ya faɗa. Gardamar kuma a bar wa Kawu, shi ba a kansa naushin zai sauka ba.

Umma da Baba suna gaishe ka. Ka gaishe min da Anti, da 'yan biyu, da takwarata mai ƙiwa.

Ƙanwarka.