Marafan Kabad Ɗin Malam

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hajara. Shekara shida ke nan da rasuwarki, sai yau na samu labarin da ya isa in kawo miki.

Kin tuna shekarar da muka taso daga Garki muka dawo Dutse, bayan rasuwar Malam? Lokacin garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba, ko'ina gini ake yi. A ɗakinki magini ya bar wani gurbi a jikin bango, marar zurfi, daga tsaye hannu yana kaiwa ƙarshensa. Kika ce nan littattafan Malam za su zauna, a yi masa marafa ya zama kabad.

Kwana uku kina shawara. Aka nuna miki irin wanda ake turawa gefe, kika ƙi, domin kullum rabi a rufe yake, kuma ƙasa tana cika hanyarsa ya cije. Aka kawo zancen mai naɗewa, kika ce wannan na 'yan gayu ne, ba ya shekara. Marfi biyu kika zaɓa, masu buɗewa gaba ɗaya. Cewa kika yi, "Ina so in buɗe in ga mijina duka, ba rabi ba."

Kayan aikin ma kina da su. Falankan maɗaci huɗu da Malam ya ajiye bai samu ya yi amfani da su ba, da mariƙai biyu na tagulla masu zanen tauraro da ya sayo a Makka, da ƙarafa masu kauri na riƙe marfi. Duk kika tattara kika ba ƙanensa, Baffa Sale kafinta, saboda a ganinki ɗan'uwa ba ya cin amanar mamaci.

Bayan wata biyu ya kawo marafa sun sha baƙin fenti. Ya rantse gara ta cinye maɗacin, mariƙan kuma sun ɓata a shago. Abin da ya kafa miki wani katako ne mai nauyin banza, da ƙarafa sirara kamar na gwangwani, kowanne ƙusa biyu. Na buɗe baki zan yi magana kika harare ni. Kika yi masa godiya, har da sa albarka.

Damina biyu suka yi. Ranar wata Laraba da hantsi kika je ɗauko Alƙur'anin Malam, marfin dama ya ɓalle ya faɗo miki, kika faɗi a kan ƙugu. Ina makaranta ina koyarwa aka zo aka kira ni. Wata uku muka yi a asibitin Jahun. Daga nan ba ki ƙara taka ƙasa da ƙafarki ba, Inna, ke da kike zuwa kasuwa a ƙasa ki dawo ba ki zauna ba. Baffa sau ɗaya ya leƙo, ya ce ƙaddara ce.

To, ga labarin.

Watan jiya uwar wata ɗalibata ta gayyace ni suna a unguwar ma'aikata. Mijinta babba ne a wata ma'aikata. Lokacin azahar ta kai ni ɗakinta in yi salla. Ina sallamewa na ɗaga kai, sai ga taurarin Malam suna kallona daga jikin marafan kabad ɗinta. Maɗaci ja, an goge shi yana sheƙi. Na tashi na shafa. Na tambaye ta, ita kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba. Ta ce ai kyauta ce wani kafinta, Sale, ya yi wa maigidan shekarun baya, lokacin da yake neman a ba shi aikin ƙofofin gidajen gwamnati.

Ban yi kuka ba. Jira na yi.

Tun da aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan, unguwarmu ta kafa kwamitin dattawa masu kula da kayan marayu. Baffa ya tsayar da gemu, ya rage tsawon wando, ya shiga sahun gaba, har aka sa sunansa a matsayin wanda zai riƙe makullin ɗakin ajiya. Ranar da za a tabbatar da shi na sa mayafina na je zauren mai unguwa. Matar nan, da ta ji abin da ya faru da ke, ta sa an ciro marafan an kawo a kura. A gaban liman da dattawa aka jingine su. Na faɗi komai, ban ƙara ba, ban rage ba. Liman ya gane mariƙan, domin tare suka yi aikin hajji da Malam.

Inna, da ma kin ga fuskar Baffa. Gumi sai bin gemun yake yi. Aka soke sunansa yana zaune. Yanzu in ya shiga masallaci sai mutane su jawo takalmansu kusa. Ya aiko matarsa sau biyu tana ba ni haƙuri, na ba ta ruwa ta sha, na raka ta ƙofa.

Na san halinki. Da kina nan da kin ce, "Hajara, bar wa Allah." Na bar masa, amma sai da na sauke nawa. Ni na yi ta juya ki a kan tabarma shekara uku, ni na san yadda kike cije leɓe don kada in ji nishinki. Ki yi haƙuri, uwata, a wannan kam ban gado ki ba. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Malam a Aljanna kina tafiya da ƙafafunki. Shi kuwa Baffa, Allah Ya ja kwanansa, ya daɗe yana ratsa unguwar nan kowa ya san shi.

'Yarki mai kewarki,
Hajara