Rasuwar Alhaji Mani Mabai da Roƙo kan Takardun Gafakarsa

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Fatake da Masu Awo ta Kankara, Faskari da Sabuwa take sanar da jama'a cewa labari ya iske mu na rasuwar ubanmu kuma shugabanmu na farko, Alhaji Mani Mabai, Madugun fataken wannan yanki, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba da hantsi a gidansa, bayan jinyar wata biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya fara neman abinsa da jaki ɗaya tak, yana kai gishiri da kanwa Sabuwa ya komo da dawa, har Allah Ya buɗa masa ya zama babban mai sayen auduga da gyaɗa, wanda manoman Pauwa da Mairuwa ke wuce sikeli uku su kawo wa nasa. Shekara arba'in yana wannan harka ba a taɓa jin wanda ya ce ya tauye masa mudu ba.

Abin da ya koya a hanya bai tafi da shi a ciki ba. Ya zauna ya rubuta shi da ajami, takarda sittin da biyu, ya adana a gafaka, kuma duk ranar kasuwar Kankara yakan karanta wa mai son ji. A ciki ya ce mudun da ka saya da shi, da shi za ka sayar. Ya ce wanda ya yayyafa wa auduga ruwa don ta yi nauyi ya ci kakar bana ya kashe ta baɗi. Ya ce falke ya ciyar da jakinsa kafin ya sa loma a baki, kuma kada ya raina kasuwar ƙauye don ba ta da rumfa. Sau uku yana roƙon wannan ƙungiya ta sa a kwafe littafin, sau uku muna cewa sai an gama awo. Wallahi kunyar wannan tana kanmu, ni da nake rubutun nan har da ni.

Ga abin da ya ƙara mana baƙin ciki. Mutane da dama sun daɗe da ɗauka cewa laƙanin kasuwa ne Alhaji ke ɓoyewa a gafakar nan, karatun da yake yi a fili kuwa rufa ido ne. A kwana ukun zaman makoki aka bar gafakar a zaure, masu gaisuwa suka yi ta zarar takardun ɗaya bayan ɗaya don a ɗinka musu laya. Da uwargidan marigayin, Hajiya Fatsuma, ta sa aka shigo mata da ita, goma sha tara kaɗai suka rage, babu farko babu ƙarshe. Haba jama'a! Mutumin da ya ciyar da ku, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Fatsuma, da ɗiyarsa Malama Asma'u, da sauran 'ya'ya da jikoki, da dukkan jama'ar Mabai. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

A ƙarshe, don Allah don Annabi, duk wanda takardar Alhaji ke hannunsa ya mayar wa liman na Mabai kafin sadakar arba'in, ba za a tambaye shi komai ba. Wanda ya riga ya kai wa baduku ma ya kawo a ɗinke, mu za mu farke da hannunmu. Babu wani kwafi a ko'ina, kuma cikinmu babu wanda ya haddace. Takardar da ke rataye a wuyanka ba za ta sayar maka da ko mudu ɗaya ba, ɗan'uwa. Don a karanta Alhaji ya rubuta ta.

Malam Abdulkarim Faskari
Magatakardan Ƙungiyar Fatake da Masu Awo
Kankara, Disamba 1956