'Yata Tana Kallona, Amma Idonta Yana Wata Taga

Malama Radmila,

Ki taimake ni da shawara, amma bari in fara da yi wa wanda ya ƙirƙiro tagogin kwamfuta addu'a. Allah ya yi masa albarka, ya gyara mana zumunci. A da idan 'yarka ta gaji da surutunka sai ta yi hamma, ka gani, ka ji haushi. Yanzu kuwa yatsa biyu kawai za ta danna, ta bar maka fuskarta tana gyaɗa kai, ita kuma ta wuce harkokinta. Ba wanda ya ji kunya. Ai wannan ci gaba ne.

Shekarata sittin da takwas, arba'in daga ciki a kasuwar Leskovac na yi su ina sayar da tattasai. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan. 'Ya ɗaya gare ni, Zorana, tana Belgrade. Aikinta shirya wa manyan motocin kaya hanya: wannan direba ya ɗauki kaya a can, wancan ya sauke a nan. Motocin a Amurka suke, ita tana ɗakinta da silifas. Ni dai ban gane ba, amma da shi take ci.

Bayan rasuwar uwarta ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta, ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. "Baba, ja wannan tagar hagu ta manne. Waccan kuma dama. Haba Baba, sassauta hannunka, linzami ne, ba wuyan kaza ba." Ta nuna mini madannai biyun nan da ake tsallakawa da su daga taga zuwa taga. Na ƙware har na fi Vukashin mai cuku, maƙwabcina a kasuwa, wanda har yau idan taga ta ɓace masa sai ya zare wayar wuta daga bango.

Kowace Lahadi bayan coci muna hira, ina ganinta tana ganina. Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, wannan kam dole in faɗa.

To amma Malama, ni ɗan kasuwa ne. Mace ta tsaya gaban teburina tana latsa tattasaina, nakan san idonta yana kan na maƙwabci tun kafin ita ta sani. Zorana tana sa tabarau, hasken kwamfutarta kuma yana faɗawa a gilashin. Idan ni take kallo, gilashin yakan yi duhu-duhu, har in hango furfurata a ciki. Can sai in ga ya yi fari fat, ko kore irin na taswira, ƙwayar idonta tana gudu hagu da dama. Bakin yana ta "I, Baba... to, Baba... Allah sarki," amma yarinyar tana Texas. Ran nan na gwada ta, na ce na sayar da gidan na sayi jaki. Ta ce, "Madalla, Baba, ka dai riƙa shan maganinka."

Ranar na yi dariya. Yanzu dariyar ta ƙare. Likitoci a Nish sun ce wata jijiya ta toshe a zuciyata, za su buɗe mini ƙirji ranar sha tara ga watan gobe. Sun ce bayan aikin sai an sami mai zama da ni sati uku, ko tukunya ba zan ɗaga ba. Takardar likitocin tana cikin kwamfutar. Lahadi uku ke nan ina buɗe ta in ɓoye ta a bayan tagar Zorana, yatsuna a kan madannan, ina jiran gilashin ya yi duhu ya ɗan daɗe in karanta mata. Da na buɗe baki sai ya yi fari. Sai in koma labarin ruwan sama da tsutsar da ta shiga gonaki.

Vukashin ya ce, "Kai tsohon kawai, taurin kai zai kai ka kabari kafin zuciya. Kira ta ranar Talata mana, Lahadi aka yanke maka cibiya?" Shi da sauƙi, 'ya'yansa uku duk suna gari, kullum suna cinye masa cuku. Ya ce matarsa za ta riƙa kawo mini miya, kuma na san za ta yi. Har na fara tunanin in je a yi aikin shiru. Idan na tashi in ba ta labari kamar wasa, idan ban tashi ba kuma, to, na hutar da ita zaman asibiti.

Ba fushi nake yi ba. Na san aikin nan ba ya sakin mutum. Direba ya maƙale cikin dusar ƙanƙara, wa zai kira in ba ita ba? A ƙarƙashin teburina ta girma, cikin kwandon tattasai take barci, na san ba raguwa ba ce. Ina kuma tsoron ta bar aikin sati uku, masu aikin su ba wani. Amma gaskiyar ita ce ba na so in faɗi maganar da ta fi kowace nauyi a bakina a ce mini "to, Baba".

In faɗa mata, ko in yi shiru?

Mai tattasai, Leskovac

*

Baba mai tattasai,

Sannu da jiki.

Idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma kana da hakkin jin ciwo. Uban da matarsa ta rasu, ya kwashe mako yana tara hira, bai kamata a saurare shi da rabin kunne ba. Wannan laifin Zorana ne, kuma ba zan wanke ta ba.

Amma ka ce a ƙarƙashin teburinka ta girma. Sau nawa ta ja maka ƙafar wando za ta nuna maka wani abu, kai kuma idonka yana kan sikeli kana cewa "to, 'yata"? Ba ƙinta kake yi ba a lokacin, abincinta kake nema. A wurinka ta koyi so da hannu ɗaya, ɗayan yana aiki. Sannan ka lura, ku biyu ne masu taga a ɓoye ranar Lahadi. Tata taswira ce, taka takardar likita. Idan aka ɗora su a sikelinka, ka san wadda za ta rinjaya.

Ka daina gadin gilashin tabarau. Shekara huɗu kana ba ta labarin ruwa da tsutsa, ina za ta san wannan Lahadin daban ce? Yau ɗin nan ka aika mata saƙo gajere: kana da magana mai nauyi, ta zaɓi lokacin da babu direba a kunnenta, ta rufe komai. Idan ta kira, kada ka yi kewaye-kewayen 'yan kasuwa. Faɗi ranar, faɗi aikin, ka tura mata takardar ta karanta da idonta.

Batun aikinta kuwa, ka bar mata ta yanke. Wadda take juya mota a Texas daga Belgrade, wataƙila za ta iya juya ta daga teburin kicin ɗinka, tana jin tarinka ta bango. Miyar matar Vukashin ma ka karɓa, ta rage wa Zorana dawainiya. Idan ka warware, ka nemi minti goma cikakku kowace Lahadi maimakon awa guda ta rabi da rabi. Tarkon jaki kuma ya isa haka. 'Yarka ce, ba mai taya tattasai ba.

Shirun da kake kira hutarwa ba hutarwa ba ne. Ta riga ta binne uwa. Kada ka bar ta da tambayar da za ta yi ta yi wa kanta har tsufa.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya tashi kafaɗunka, ka koma ka ci gaba da damun Vukashin.

Af, a takardar asibiti, inda aka ce wa za a kira idan wani abu ya faru, sunan wa ka rubuta?

Radmila