Baƙuwa Daga Kotonu

Gudel, daren Talata, tsakiyar damina

Kogi ya shanye garkata yau. Salati da tumatir duk suna ƙarƙashin ruwa. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba.

Baba Hamani, maƙwabcina da ya daɗe yana jan kamyo, babbar motar kaya, zuwa Kotonu da ke bakin teku, ya same ni a wurin. Ya ce, "Ɗana, ruwan nan daga teku yake. Rana ke dafa ta, tururi ya tashi, iskar damina ta kawo mana shi."

Na ce, "Baba, ni ban taɓa ganin teku ba."

Ya ce, "To, ga ta nan ta zo gaishe ka."

Da ya tafi, na ɗebi ruwan na ɗanɗana. Baƙuwar ta cinye mini abincin shekara, ko gishiri ba ta riƙo mini tsaraba ba.