Maficin Inna

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi, sai idon Inna da ke ta ja baya. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na daman ma bai yi mana alkawari ba. Ba ta da magana sai ta ga ɗanta kafin idon ya rufe.

Shekara uku kana tsare ba a ko kai ka gaban alƙali ba, yanzu kuma lauyoyi biyu gare ka, sai ka ce wani babban mutum. Jiya a shagona suka haɗu. Tsohon Lauya ya ce dokar ƙasarmu ta hana a tsare mutum haka, ba sai mun kai kukanmu waje ba, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Yar ƙungiyar kare haƙƙi ta ce dokar da ta shekara uku tana barci ba yau za ta farka ba, a kai ƙara kotun ƙasashe, tunda gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyarsu. Suka yi ta yi har na ɗinke hannun rigar mutane a baibai. Na ce kowa ya kai inda ya iya. Ni dai na gaji.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Lauyoyin duka biyun sun yi nasara. Kotun waje ta ce a sake ka, ta gida ma ta ce a sake ka. Inna ta sa an wanke maka kaya.

Ka san halina da takarda tun da ruwa ya cinye ta haihuwar Auta. Da hukuncin kotun gida ya shigo hannuna, sai na wuce shagon kwafi aka manne mini shi cikin roba. Washegari na kai duka biyun ƙofar gidan yari. Jami'in ya jujjuya takardar waje, ya ce ba a ƙasar nan aka yi ta ba, sai kotunmu ta amince da ita tukuna. Ta gidan ya yarda da ita, amma dole shugabansu ya buga hatimi a jikin ta asali, tawada kuwa ba ta kama roba. A gabana ya gwada, ya shafe da ɗan yatsa. Ya ce in samo wata. Na koma kotu, alƙalin an yi masa canjin wurin aiki, ba a kawo sabo ba.

Garin neman gira na rasa ido. Ka yafe mini, har yanzu na kasa gaya wa Inna.

Matarka,
Maman Auta

Baban Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Auta ta kawo mini saƙonka cewa ba laifina ba ne. Na gode, amma ban yarda ba.

Ɗazu na ji lauyoyinka a rediyo suna muhawara kan wace doka ta fi dacewa da ƙasa. Kowa ya kafa hujja da shari'arka, kowa ya ce shi ya ci. Ba wanda ya faɗi inda kake kwana. Na kashe, na ci gaba da ɗinkina.

Ranar Talata idon Inna ya rufe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata takardun nan da aka ce za su fito da kai, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta wajen ta ce ta yi laushi, ta mayar mini. Mai robar ta riƙe, da ita take fifita in zafi ya taso. Duk gidan nan ita kaɗai ta taɓa cin moriyar doka.

Ta ba ni saƙo, ga shi yadda ta faɗa: “Ki ce masa ranar da zai dawo ya ɗaga murya da sallama tun daga ƙofar gida, kada in ɗauka baƙo ne.”

Kayanka suna nan a goge.

Taka har kullum,
Maman Auta