Hirar Da Ta Rufa Mini Asiri

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya fama da rana? Ƙafar nan da ka ce tana damunka, ta yi sauƙi kuwa? Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka. Ba abin da ke damunmu sai gajiya, ita kuwa an ce ba ta kisa.

Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce gobe zai tashi, shi ya sa na ture ɗinki na zauna rubutu. Na san ba ka samun sabis sai ka shiga gari ƙarshen wata. Saƙonnin muryar da nake tura maka suna can jibge suna jiranka, ranar da suka sauka sai ka nemi inuwa ka zauna.

Ka tambayi jikin Inna. Tana ci, tana sha, tana barci, amma mantuwar ta ƙaru. Shekaranjiya na nemi cokulanmu na rasa, ashe suna ƙarƙashin matashinta, ta ɓoye su wai saboda ɓarayi. Ranar Talata ina wanka ta buɗe ƙofa ta fice, mai shagon bakin titi ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita, wai za ta gidan babanta. Yanzu na jawo keken ɗinkina na kafa shi a bakin ɗakinta, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kanta. Kayan makarantar da na karɓa har yanzu ban kai rabi ba.

Ƙanwarka Auta tana leƙowa. Za ta shigo da ƙamshinta, ta zauna a gefen gado tana danna waya, kafin ruwan da na kawo mata ya huce ta miƙe. Wancan zuwan har da cewa, “Anti, Inna ta rame fa, tana cin abinci kuwa?” Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na ce tana ci.

Abin da ke ɗan ɗebe mini kewa shi ne zauren marubutan nan namu na waya, wanda kake cewa ya zama kishiyar barcina. Ka dai san shugabanmu, wanda muke ce wa Hedimasta. Dokarsa ɗaya ce: ba hira sai ta rubutu, wanda ya kauce a goge. To akwai mutum biyu da suka hana shi sakat. Ɗaya Direba, mai tuƙa motar haya, kullum sai ya turo hoton kofin shayinsa a kan sitiyari ya ce, “Marubuta, bismillah.” Ɗayar Kaka, wata tsohuwa da ba ta taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Kowa ya saka labari sai ta yi masa godiya kamar ya ba ta kyauta, ta sa masa albarka, daga nan ta zarce da labarin kyanwarta. Hedimasta ya goge, gobe su sake. Ni ma a raina nakan ce surutun ya yi yawa, amma ran da ba su yi ba sai in ji zauren ya yi fayau kamar gidan da aka tashi.

Ni kam labarina ya tsaya. Na bar yarinyar cikinsa a tasha da jaka a hannu tun kafin ka tafi, har yau ban sa ta a mota ba. In na ɗauki waya zan rubuta sai idona ya rufe. Kaka ta ce ’yar mutane ta gaji da tsayuwa, in taimaka in ba ta ko benci ne.

Zan tsaya nan, Inna tana kira. Ka kula da kanka, ka riƙa shan ruwa.

Taka har kullum,
Uwar ’ya’yanka

*

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da abokan zamanka. Mu ma lafiya. Akwai abin da ya faru, kuma gara ka ji daga bakina kafin a kawo maka shi da gishiri.

Ranar Laraba da hantsi na shiga kicin ɗora shinkafa. Ban daɗe ba. Ina fitowa na tarar da Inna zaune a kujerar kekena da almakashi, ta yi wa leshin da matar likita ta kawo mini ɗinki gunduwa-gunduwa. Tana ganina ta yi murmushi ta ce ta ga aiki ya yi mini yawa ne, take taya ni. Da na kai hannu zan karɓi almakashin sai ta kwaɗa mini mari, ta ce ni wace ce da zan shigo mata ɗaki.

Na koma kicin na turo ƙofa, na ɗauki waya na danna, na yi ta yi maka magana ina kuka. Na ce na gaji. Na ce ’yan uwanka sun jibge mini uwarsu sun kama gabansu. Na kira sunan Auta, na faɗi maganar turarenta da wayarta. Na ce akwai ranakun da in na ji muryar Inna tana kirana sai gabana ya faɗi, kuma wani lokaci ji nake kamar in yafa mayafina in bi titi in yi ta tafiya. Na tura. Wayar tana kukan caji, na jona ta na bar ta nan, na roƙi maƙwabciya ta zauna da Inna, na tafi kasuwa neman irin leshin.

Sai bayan la’asar na dawo, ban ma samu leshin ba. Na ɗauki waya na ga kiran Kaka ya fi a ƙirga, zaure kuma ya cika maƙil da saƙonni kamar ana rabon gado. Na yi ta ja sama, na yi ta ja, har na kai inda sunana yake. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa shugaban zaure ya goge wannan saƙo. Na duba wajenka, babu komai. Maigida, a ƙasan kicin na zauna. Ashe sunanka da na zauren suna jere, hawaye ya rufe mini ido na danna na ƙasa. Mutum wajen ɗari uku!

Daga nan sai na bi abin da aka rubuta bayan saƙon. Na zaci zan ga ana ta “Subhanallahi” da “Allah sarki”. Ko ɗaya babu. Wanda ya fara magana Direba ne. Ya ce, “Jama’a, tambayar gaggawa, muna gardama a tasha har an kusa dambe: in za a haɗa shayi, sukari ake fara zubawa ko madara?” Nan take Kaka ta ce shi ma ya san madara ce, kuma albishirinku, kyanwarta ta haihu a cikin kwandon wanki, a taimaka mata da sunaye. Wata ta turo hoton takalma biyu ta ce a zaɓar mata. Wani ya ce shi bai taɓa gane amfanin aljihun da ke cikin aljihun wando ba. Mutanen da ban taɓa ganin sun ce uffan ba duk suka fito. Da hirar ta fara sanyi sai Kaka ta ce kowa ya faɗi labarin da ya fi taɓa shi a zauren nan, ya yi wa mai shi godiya. Aka shiga godiya, wannan ya yabi wancan, wancan ya yabi wannan, har da masu tuno labaran da masu su ma sun manta da su.

Sai daga baya Kaka ta faɗa mini dalili. Hedimasta ne kaɗai ke iya goge saƙon wani, shi kuma yana ɗakin jarrabawa waya a kashe. Ni an kira ni ban ɗauka ba. Shi ne suka yi ta zuba surutu don saƙona ya haye can sama, duk wanda ya buɗe waya daga baya ya gaji da ja bai kai gare shi ba. Haka suka yi ta yi har azahar ta wuce. Direba yana tuƙi, a kowace tsayawa sai ya jefo wata sabuwar gardama.

Da Hedimasta ya kunna waya, nawa kaɗai ya goge. Bai taɓa ko ɗaya daga cikin shirmen ba. Ya ma rubuta, “Madara ake fara zubawa. Duk wanda ya ce sukari ya maimaita aji.” Ina zaune a ƙasa ina dariya ina share hawaye.

Ba wanda ya yi mini maganar a fili. Direba ya turo mini a gefe cewa rediyon motarsa ƙara gare shi, shi bai ji komai ba, amma yana yi mini addu’a. Kaka ta ce ita ma ta yi jinyar mijinta shekaru, in ci abinci tukuna, maganar ta jira.

Sai dai ka tuna ni na saka Auta a zauren da hannuna, don ta riƙa karanta labarina. Ba ta cikin masu hirar. Ta saurara, wayar ta nuna mini. Tun ranar ba ta zo ba, ba ta kira ba.

Matar likita ta yi faɗanta ta gaji, mun daidaita. Ban san yadda za ka ɗauki wannan ba. Na dai faɗa maka.

Matarka,
Uwar ’ya’yanka

*

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ji daɗi da ka ce ƙafar ta warke. Yara sun karɓi saƙonsu, suna godiya.

Na karanta abin da ka rubuta har sau nawa. Na gode da ba ka yi faɗa ba. Ka ce in yi haƙuri. Ina yi, Maigida. Babban wanku Yaya Babba ma da ya kira haƙurin ya ba ni, bayan ya gama cewa matar aure ba ta da abin yi a taron waya, in fita daga zauren. Na ce masa na ji. Ban fita ba, kuma ba na so ka ji a wani wuri.

Auta ta zo ranar Asabar da safe. Ko zama ba ta yi ba ta ce, “Anti, kin kyauta. Kin tona mana asiri a gaban duniya.” Na ce kuskure ne, amma ban yi ƙarya ba. Ta ce to yau za ta wuni, ta ga abin da ake yi a gidan nan da har ya isa kuka. Na nuna mata magani da bokiti da inda zannuwan Inna suke, na kwashi kayan makarantar da na gama na tafi kaiwa. Da gangan na ƙi sauri.

Da na dawo na same ta zaune a ƙofar banɗaki, rigarta sharkaf, idanunta jajur. Inna tana ciki ta ƙi yarda a taɓa ta. Ba ta gane Auta ba sam, ɓarauniya take ce mata, tana ta ƙwala kira, “Ina yarinyar nan mai keke? Ku kira mini mai keke!” ’Yar da ta haifa, Maigida. Na shiga na lallashe ta na yi mata wanka, Auta tana miƙo mini ruwa.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Amma tana zuwa Asabar da Talata yanzu, da tsohuwar riga a jaka. Gaisuwarmu gajera ce. Jiya dai ta tambaye ni yadda nake yi Inna ta haɗiye ƙwayar magani, na nuna mata a cikin ayaba.

Talatar farko da ta karɓe ni, na shiga ɗaki da niyyar rubutu, barci ya kwashe ni har azahar. Da na tashi na samu na rubuta shafi guda, na sa yarinyar labarin nan a mota. Ba wani abin kirki ba ne. Kaka ta yi godiya kamar na ba ta littafi sukutum, Direba ya ce motar da na kwatanta ba za ta kai ko’ina ba da irin wannan lodi, Hedimasta ya gyara mini kalma biyu. Ya koma goge hira kamar da, sai dai yanzu ya ware musu yammacin Lahadi su yi shirmensu. Wai cikin ’yan kyanwar Kaka an sa wa ɗaya Mai Keke.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Saƙon nan kai na yi wa shi, kuma kowa ya ji shi ban da kai. Ba zan maimaita shi da kuka ba. Kwana biyun Auta sun taimaka, amma sauran biyar ɗin suna nan. Bayana yana ciwo, ɗinki yana guduna, yara sun koyi yin shiru in sun ga fuskata, wannan kuwa ba na so. Ina son Inna, Allah ya sani, ita ta riƙe ni lokacin haihuwar fari kamar ’yarta. Amma ni kaɗai ba zan iya ba. In ka shiga gari ƙarshen wata kada ka tsaya a kiran waya. Ka nemi izini ka zo gida, ka tara Yaya Babba da sauran, ku zauna ku raba kwanakin nan a tsakaninku. Ni ba zan iya tara su ba, kai za su ji.

Ɗazu da nake taje mata kai, Inna ta tambaye ni ko ka dawo daga makaranta, wai rana ta yi. Na ce mata kana hanya. Don Allah kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ka huta lafiya. Allah ya kawo ka cikin aminci.

Matarka mai jiranka,
Uwar ’ya’yanka